Jaridar da Muke Yankewa Kafin a Ƙone

Yanzu duk tsohon da ka taɓa sai ya ce maka shi ya kori Turawa. Ni ban kori kowa ba. Aji huɗu na yi a elementare, aka ce kaina bai kai na midil ba, na koma ɗinki a wata rumfa cikin kasuwar Birnin Kebbi. A duk mutanen da na sani a wancan zamani, mutum ɗaya ne jaridar 'yan adawa ta ci wa aiki, kuma shi bai iya boko ba, bai taɓa son jaridar ba ko na kwana ɗaya.

Ɗan kawuna ne, taubashina, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ɗan masuntan Argungu ne, amma tun yana saurayi ya bar gulbi ya shiga aikin ɗan doka. Ba shi da gona, ba shi da jirgi. Rigar nan ita ke ciyar da matarsa da 'ya'ya biyar. Yana ce mini Rabin-malam, ni kuma ina ce masa Gwamna.

Jaridar daga Kano take zuwa, ta biyo motar Sakkwato ta ratsa Argungu, a cuse tsakanin buhuna. Ba ta san sannu ba. Ta zagi Di'o, ta zagi alƙali, ta zagi mai karɓar haraji har da uwar da ta haife shi. Rabin abin da take faɗa gaskiya ne, sauran rabin ƙari ne, mu kuma samari duka muke haɗiyewa. Hukuma ta gaji, aka ce duk inda aka gan ta a kwashe a ƙone. Tasha ce wurin aikin Gwamna, don haka ƙonawar ta faɗo kansa.

Ranar farko ya zo rumfata bayan la'asar da ƙunshi a hammata.

"Rabin-malam, duba mini abin ga. Akwai sunan Allah ciki?"

Na ce, "A jaridar da kake kira ta 'yan iska?"

"Su ma Musulmi na. Duba."

Akwai kuwa, ba ɗaya ba, ba goma ba. Kowane labari da in sha Allahu, kowane ƙorafi da Allah ya kawo sauƙi, ga sunayen mutane masu sunan Manzo. Ya ƙura wa takardun ido. Mu an tashe mu ko guntun rubutu ka gani a ƙasa, ɗauka za ka yi ka soke a jinka, balle ka sa masa wuta da hannunka.

"An ce in ƙone jarida," in ji shi. "Ba a ce in ƙone sunan Allah ba. Ɗauko almakashinka."

Haka muka fara. A zaurensa, duk ranar da mota ta shigo. Na so in riƙa dubawa da ido, ya ce bai yarda da idon wanda aka koro daga makaranta ba, in karanta da ƙarfi kada in tsallake layi. In na kai wurin sai ya ɗaga hannu, in sa alli, mu jera sauran jaridun a yanke tare. 'Yan guntayen ya tara a jakar fata, in ta cika ya kai gulbi. Abin da ya rage, mai huji-huji kamar tsohon tarun masunta, shi yake ƙonewa a bayan gida da zuciya ɗaya.

Ba ya saurare shiru. In jarida ta ce talaka ya gaji, ya ce, "Wa ya aike ka?" In ta ce an ci zalin manoma wajen awon shinkafa, sai ya yi tsaki ya ce, "Wanga kam ya faru. Wuce." Maƙwabta suka ji. Yau mutum biyu sun zo taya mu tsince guntaye, gobe shida, har manoman Zauro da suka kawo shinkafa kasuwa suna jinkirta komawa. Aikin mutum biyu ya koma na mutum ashirin. Na san abin da ya kawo su. Shi kuwa har godiya yake musu.

Wata rana na buɗe na ga labarin tashar Birnin Kebbi. Wai wani dogon ɗan doka mai zanen Kabawa ya doki tsoho mai albasa har ya karya masa hannu, don an sami jarida a kayansa. Ina wurin ran nan. Karɓar ƙunshin kawai ya yi, har ya gutsura wa tsohon goro. Na fara in'ina.

"Karanta," ya ce.

Na karanta har ƙarshe, inda mai rubutun ya ja masa Allah ya isa. Gwamna ya miƙo hannu na ba shi almakashi. Bai iya riƙe shi ba, da manyan yatsun nan nasa, amma a hankali ya zagaye kalmar inda na nuna masa, ya sa a jaka.

Labarin taron ya kai ofis. Aka kira shi, aka kira ni. A hanya na ce masa ya ce ni ke sace jaridun ina karanta wa mutane, ni ba ni da rigar da za a tuɓe.

"Ka taɓa ganin ɓarawon da anka ba tabarma da hura?" ya ce. "Yi shiru kai dai."

Shugaban 'yan doka ba mugun mutum ba ne, amma shi ma akwai na sama da shi. Ya ji bayani, ya shafa fuska. Ya sa aka kawo jarida guda, lafiyayya, aka ajiye a ƙofar ofis gaban kowa. Ya ce Gwamna ya ƙone ta yanzu, magana ta mutu.

Na roƙi Allah a zuciyata ya ƙyasta kawai. Ya durƙusa, ya ciro ashana daga aljihu, ya daɗe yana kallonta. Sai ya miƙa wa shugaban da hannu biyu.

"Ranka shi daɗe, kai ka fi ni ilimi. In babu laifi, fara, in bi."

Ba da raini ya faɗa ba, na rantse. Amma gaban mutane ne. Shugaban bai karɓi ashanar ba, babu kuma wanda ya karɓa a cikin duk masu tsayuwa. Aka ce ya kawo kayan aiki gobe da safe.

Da yamma ya shigo rumfata da rigar a naɗe. Na ɗauka faɗa ya zo yi mini, don ni na san da ban ji daɗin karatun nan gaban jama'a ba, da na kori mutanen tun ranar farko. Sai ya shimfiɗa ta a kan keken ɗinki ya nuna mini hammata, inda ta yage, da anini biyu da suka fita.

Na ce, "Gwamna, sun kore ka, kuma in gyara musu riga?"

"Lafiya lau anka ba ni ita."

Na ɗinke. Ya duba ɗinkin a haske, ya ce ko a nan rabi na iya.

Bayan mako biyu jaridar ta buga cewa an kori wani gwarzon ɗan doka saboda ƙaunar talakawa. Ba su ko san shi ne dogon da suka ja wa Allah ya isa ba. 'Yan jam'iyyar adawa suka bi shi har Argungu, inda ya koma, su ɗora shi kan teburi a wurin lacca. Suka same shi a bakin gulbi, mutum mai furfura yana koyon jefa birgi, ragar kamun kifi, wurin ƙannensa, suna yi masa dariya. Ya ba baƙin ruwa, ya saurare su har suka gama, ya ce su yi haƙuri, shi mutumin hukuma ne. Wasu cikin masu wannan ziyara sun hau manyan kujeru daga baya. Shi bai taɓa gwanancewa a kamun kifi ba. Shekara biyu matarsa na aiko mini babban ɗansu da kwano lokacin bazara, ina cika shi da gero, kuma duk mun yi kamar bai sani ba.