Mai Fenti a Gaɓar Bira

A gaɓar Bira, wani mutum da Ibu Tenri ba ta taɓa gani ba yana shafa fenti a jikin wani jirgin katako, irin mai tafiya da iska. Dogo ne siriri, da zani ɗaure a ƙugu da sigari a bayan kunne. Tafin hannunsa sumul, ba kanta. Abin da ya fara tsaya mata a rai ke nan, don wanda ya saba jan igiya ba ya da irin wannan hannu.

Tun da teku ta ci ɗanta Arung a lokacin iskar yamma, ta koyi abin da ke riƙe jirgi idan ruwa ya haukace: lafiyayyen katako, ɓawon itace da aka cusa tam tsakanin alluna, da nauyi a ƙasa. Fenti ba ya cikinsu. Wannan jirgi kuwa gobe zai kwashi mutane zuwa tsibirin Selayar.

Mutumin yana isa wani allo na ƙasa sai ya waiga, ya ninka shafawa.

"Daeng," ta kira shi da laƙabin girmama maza na yankin, "ka ƙwanƙwasa wurin nan kafin ka rufe shi?"

"Haba Ibu, uwarmu, yaushe aka naɗa ki mai duba jirage? Katakon nan ya girme ni."

"Shi ya sa nake tambaya."

Ta danna babban yatsanta a wurin. Allon ya lotsa kamar burodi.

"Kai ma za ka hau gobe?"

Ya yi 'yar dariya, ya kau da kai. "Ni ruwa amai yake sa ni."

Ba ta goge fentin da ya maƙale a yatsan ba. Ta nufi rumfar da matuƙin jirgin yake shan kofi.