Yadda Na Raka Inna Hajo Neman 'Yarta

Gwandu zuwa Kalgo

Ana idar da sallar asuba na rataya jakata na nufi tasha. Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ce, muna hutun makaranta. Ni malamin firamare ne, ko da yake a Gwandu cewa ake yi ba ni da aiki sai liƙa wa 'ya'yan mutane gemun auduga, saboda wasan kwaikwayon da nake koya musu. Abokina Malam Bitrus, mutumin Zuru, wanda muka yi makarantar horon malamai tare, shi ya kira ni zuwa wata ƙaramar makarantar mishan a ƙasar Nijar, can bayan Gaya, inda aka tara yaran da yunwa ta raba da iyayensu. Ya ce in zo in yi musu wasa ko sa yi dariya.

Akori-kura muka shiga, mu da buhunan albasa. Muka ratsa Birnin Kabi, da hantsi muka sauka Kalgo. Ina cikin shan fura sai ga sarkin tasha da wata tsohuwa riƙe da ƙullin kaya.

Ya ce, "Malam, ga Inna Hajo. Ta ji za ka ƙetare."

Ta ce, "Ɗan nan, ɗiyata Rabi ka aure can. Tun da hwari yaz zo ban ji ɗuriyatta ba. An ce min an kai yaran garinsu wurin 'yan mishan. Tana da ɗiya, takwarata, ban taɓa ganin ta ba. In na same ta, ta hwaɗa min inda uwatta take."

Raina bai so ba, don tafiya da tsohuwa jidali ce. Amma wa zai iya kallon idon nan ya ce a'a?

Kamba da iyaka

Babbar mota muka samu, ta bi ta Bunza tana tafiya kamar an yi mata dole. Sai la'asar sakaliya muka shiga Kamba, muka kwana gidan wani fatoma mai saukar da baƙi. An kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, Inna ta ci loma biyu ta ture.

Da safe ɗan kwastan ya buɗe jakata, ya zaro gemun auduga da rawanin tsumma, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, Allah ya ba ka lafiya." A ɓangaren Nijar jandarma ya nemi takardar Inna. Ta ce, "Takardar mi? Ɗiyata nika nema." Ya ɗaga mana hannu mu wuce.

A makaranta

Daga Gaya amalanken jaki ya ƙarasa da mu. Makarantar ɗakunan laka ce da rumfar zana. Bitrus ya tara 'yan mata ya tambayi mai suna Hajara, ba wadda ta amsa. Dama yarinya mai sunan kaka ba a kiranta da sunan yanka, wata ma ba ta san shi ba. Inna ta bi su tana duba fuska, amma yunwa ta mai da su duk kama ɗaya. Ta koma gindin tsamiya ta zauna.

Washegari na fara aikina. Ni ba na fara wasa da magana. Cewa nake yi kowa ya kwaikwayi tafiyar wani na gidansu, mu kuma mu canka. Wani ya yi kakansa da sanda, wani ya yi mahauci mai tumbi, yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Sai wata siririya da ake kira Uwani ta fito. Ta aza ƙwarya a ka, ta dafe ƙugu, ta riƙa jan ƙafar hagu tana karkata kafaɗa.

Daga gindin tsamiya na ji an ce, "Rabi! Wallahi Rabi ce! Kurkunu ne yak kama ta ga ƙahwar nan tun tana ƙarama."

Yarinyar ba ta waiwaya ba, ta shiga wasan sosai. Ni kuma bakina ya riga tunanina, na faɗi abin da nake faɗa wa kowane yaro: "Madalla! Ci gaba, sai me ya faru?"

Ta ci gaba. Tafiyar ta yi sanyi. Ta sauke ƙwaryar, ta yi kamar tana kankare ƙasanta tana ba wani ƙarami a baki, ita ba ta ci ba. Ta zauna, ta kishingiɗa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ƙara motsi ba. Yara suka tafa, don na koya musu in wasa ya ƙare a tafa. Ban taɓa jin sautin da ya ƙona mini rai kamar tafin nan ba.

Inna ta taso a hankali, ta durƙusa, ta yaye mayafin. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mata sutura?"

Yarinyar ta ce, "Wasu masu raƙuma sunka rufe ta."

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Tashi, ni ce kakarki."

Na kwana huɗu ina wasa da yara, amma ban sake tambayar kowa abin da ya faru ba.

Komowa

Shugaban makarantar ya yarda aka ba Inna jikarta bayan mai gari ya shaida. Hanyar da muka bi ita muka biyo. Washegari da azahar muka sauka Kalgo, na ɗaukar musu kaya har bakin lungunsu. Nan Inna ta tsaya, ta cire faifai daga ƙullinta ta aza wa yarinyar a ka.

Ta ce, "Shiga gaba, takwara. Yi min tahiyar uwarki har ƙohwar gida. Ina son in gan ta ta komo."

Yarinyar ta dafe ƙugu ta fara jan ƙafa, tsohuwa na biye da ita. Na ajiye kayan a zaure na juya, don hawaye ya ci ƙarfina.

Ana kiran magariba na shiga Gwandu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Bitrus da sarkin tashar Kalgo. Wanda ya karanta wannan, ya sa Rabi a addu'a.