Ranar da Tsiren Malam Habu Ya Ƙone

Wata rana da yamma, a wani lambun shaƙatawa a Jos, wani mabushin saksofon mai suna Istifanus ya hau dandamali.

Shekara da shekaru an san shi da ƙarfin busa. In ya kama kiɗan jaz, jijiyoyin wuya su miƙe, sauti ya yi sama kamar jiniyar motar asibiti. Jama'a na ihu, shi kuwa kai na ƙara kumbura.

Sai kwanakin baya ya faɗo daga kan acaɓa, haƙoransa na gaba suka zube.

Aka sa masa na roba. To, shi saksofon da haƙoran sama ake danne bakinsa, na roba kuwa ba su son takura. Da ya matsa, sai su motsa.

Ya kuma ji labari Oga Tanimu, shugaban makaɗan, har ya fara gwada wani mabushin. In yau bai yi abin kirki ba, aiki ya tafi.

Da aka fara kiɗa a yammacin nan, ya gwada kai sauti sama yadda ya saba. Haƙora suka ce ba da su ba.

Dole ya sauko da sautin. Ya riƙa busa a hankali, ƙasa-ƙasa, yana jan kowane sauti har ya kai inda za shi, kamar mai rarrashin jariri.

Ba ihu.

Ba fito.

Wuri ya yi tsit, shi kuwa kunya ta rufe shi. A ransa ya ce shi ke nan, tausayina suke ji.

Da aka tashi, ya je wurin Oga Tanimu yana sunkuyar da kai.

"Oga, a yi haƙuri. Wallahi iya abin da ya rage mini ke nan."

Oga ya nuna masa hayaƙi a bakin ƙofa.

"Ka ga Malam Habu mai tsire? Tun da muke kiɗa a nan bai taɓa ɗaga kai ya dube ka ba. Yau ya saki baki har nama ya ƙone. Asabar mai zuwa ma haka nake so."

Istifanus ya fashe da dariya, hannu a baki kada haƙora su yi tsalle.

Yana fita, Malam Habu ya miƙo masa ƙunshi, wai hanta ce, ba ta wahalar da haƙori.

Har yau yana nan yana busarsa mai sanyi, hankali kwance. Ni dai ta fi mini ta dā daɗi nesa ba kusa ba.

Darasi: Abin da ka rasa ba shi ne ƙarshenka ba. Wani lokaci sai ƙarfi ya ragu sannan mutane ke jin abin da ke zuciyarka.

Tura wa wanda yake ganin tasa ta ƙare, ya san da saura.