A Naɗe Za A Auna Ko A Buɗe?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan matar ɗana ta kira ni daga Belbeji. Ta kasa haɗa magana, sai maƙwabcinsu ya karɓi wayar ya ce, "Baba, sai haƙuri. Mushe Habibu ya cika."

Kafin in samu mota daga Tanut, an riga an kai shi makwancinsa.

Ɗan farina ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kuma duk shekarun da na yi a lakwal, wato makarantar boko, ba su raba ni da wannan ba. Don haka zan ce "yaron", ko da yake ya haura hamsin, furfura ta kama gemunsa.

Malamin kimiyya ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal a nan. Ya tafi ya bar ɗalibansa da na'urar da suka ƙera don gasa, da kuma tambaya guda wadda masu gasar ba su amsa ba. In ba a amsa ta ba, aikin yaran zai tafi a banza. Na san tambayar nan tun kafin a haifi waɗannan ɗaliban, don haka ku ba ni dama in faɗi asalinta.

A tsakiyar shekarun tamanin ina insifektan makarantu a Tanut, ƙasar Damargu, shi kuma yana kolej. Aka shirya gasar ƙere-ƙere ta ɗalibai a Damagaram. Kowace makaranta za ta kawo na'urar da za ta hau sanda da kanta. Sharaɗin girma ɗaya ne: na'urar ta shiga akwatin awo, murfi ya rufu. Da yaron ya tambayi malaminsu kaurin sandar da za a hau, malamin ya haɗa yatsunsa ya ce, "Kamar taɓarya dai."

Yaron ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ya shiga gida ya ɗauko taɓaryar mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ya kafa ta a tsakar gida.

Ya cire moto, ɗan injin da ke juya kaset, daga wata tsohuwar rediyo, ya lanƙwasa waya, ya yanko robar taya. Ya yi wa abin hannu biyu masu rungumar sanda, yadda ya ga makiyaya na rungumar gawo in za su kakkaɓo wa dabbobi 'ya'yansa. Ƙannensa suka sa masa suna Ƙadangare.

Uwarsa takan leƙo daga madafa ta ce, "Kai wannan, a ba ni taɓaryata, ko Ƙadangaren ne zai daka mana geron yau?"

Shi kuma ya ce, "Inna, saura hawa ɗaya."

Muka tafi Damagaram a bayan kamiyo, babbar motar kaya, yana rungume da kwalinsa. Aka sa Ƙadangare a akwatin awo, hannuwansa a naɗe, murfi ya rufu lafiya lau. Sai muka ga sandar. Bututun ƙarfe ne, ya ninka taɓarya kauri.

Duk da haka ya hau. Ya ware hannuwansa iyakar warewa, ya rungumi ƙarfen, ya yi ta jan jiki har ƙololuwa. Babu wata na'ura da ta kai can a ranar.

Ana cikin tafi, shugaban alƙalai ya sa aka kawo tsani. Ya hau ya auna Ƙadangare yana kan sanda, ya ce faɗinsa ya zarce bakin akwati, an cire shi daga gasa.

Na tashi na ce, "Ranka ya daɗe, a ina sharaɗin ya ce a auna na'ura tana kan sanda?"

Ya ce, "Mushe insifekta, kai ma ai ka san doka."

Na ce, "Na san ta, shi ya sa nake tambaya. An faɗi girman akwati. Ba a faɗi kaurin sanda ba, ba a faɗi lokacin awo ba."

Ya ce, "Ba a rubuta ba, amma haka ake nufi."

Wani daga cikinsu ya ce, "Ƙadangaren Damargu ne, ya ƙoshi da gero ya yi ƙiba." Aka yi dariya. Na koma na zauna.

Na'urar da ta maƙale a rabin sanda ce ta ci gasar.

Muka kama hanyar komawa har muka yi nisa. Sai yaron ya taɓo gwiwata ya ce, "Baba, amma dai ya hau."

Halinsa ke nan har ya rasu. Ni ne mai riƙe abu a zuci, shi kuwa gaba yake dubawa. Rediyon rabin unguwarmu ya bi ta hannunsa, bai taɓa karɓar ko goro ba. Gilashin da nake karatu da shi yanzu, shi ya ɗaure ƙafarsa da siririyar waya. Wayar salular nan ma shi ya ƙara wa haruffanta girma, ya zauna ya koya mini rubutu da ita ba tare da ya gaji da ni ba.

Ganinmu na ƙarshe bayan sallar layya ne. Ya zo da na'urar ɗalibansa a cikin kwali don in gani. Ta fi Ƙadangare kyau nesa, amma hannuwan nan biyu suna nan. Ya ce za su kai ta gasa, kuma ya tambayi masu shiryawa sau da dama ko a naɗe za a auna ko a buɗe. Wani ya ce masa zai bincika. Wani ya ce a bari sai an zo.

Ya yi dariya ya ce, "Baba, na tsufa, tambayar ba ta tsufa ba."

Na lura yana dafe ƙirji in ya yi dariya. Na ce ya je ya ga likita.

Ya ce, "In an gama gasa."

Bayan la'asar ɗin yau, wata ɗaliba mai suna Rabi, shugabar ƙungiyarsu, ta kira ni. Ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ta ce, "Kaka, ka yafe mini, na san ba ranar wannan magana ba ce. Mushe ya ce kar mu taɓa hannuwan sai amsa ta zo. Gasa ta matso. In mun rage su, ba za ta riƙe sanda mai kauri ba. In mun bar su, ƙila a kore mu. Ga zarto nan a gabanmu. Mu yanke?"

Na ce, "Ku ajiye zarton, 'yata. Ni zan nemo muku amsa."

Na yi wannan alkawari alhali ban san kowa cikin masu gasar ba. Shi ya sa na zo nan, na yi wannan rubutu a shafina na intanet.

Cikin masu karanta wannan akwai tsofaffin ɗalibaina da suke manyan ofisoshi a yau. Wanda ya san masu shirya gasar nan, ya isar musu da saƙona. Ba alfarma nake nema wa yaran ba. Su faɗi kaurin sanda, su faɗi lokacin awo, su rubuta shi kowa ya gani kafin yara su hau mota. Layi biyu ne. Duk wanda ya samu amsa ya ajiye ta a ƙarƙashin wannan rubutu, zan karanta wa Rabi da bakina gobe in na isa Belbeji.

Ya Allah, ka jiƙan yaron nan, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna. Ka raya abin da ya bari, na gida da na lakwal. Mu kuma ka ba mu haƙuri.

Wanda ya kai nan da karatu, don Allah ya sa shi a addu'a.