Mutumin da Ya Ba da Aron Fatarsa

Don sanin jama'a: mai kula da kayan aiki a ɗakin binciken ciwon sukari, wanda abokan aikinsa ke kira Allon Sanarwa, ya yi ritaya lafiya, da sauran fata a jikinsa.

Masanan wurin sun daɗe suna haɗa wata filasta mai jin hawan sukari a jini, ta saki maganin insulin daidai buƙata, ba sai an yi allura ba. Ilimi ya ba da haɗin kai, gam ya ƙi. Da mutum ya yi gumi, sai filasta ta faɗi. Har aka fara zancen rufe aikin.

Shi kuwa yana da yaya a gida mai wannan ciwo, wanda idonsa ya daina ganin layukan sirinji, in ba kowa kusa sai ya auna da ka. Saboda haka ya naɗe hannun riga.

Kowace safiya, in ya gama wanke kwalabe, sai ya miƙa damtse a manna masa filasta marar magani don gwajin gam. Da damatsa suka cika, aka koma gadon baya.

"Maigida," in ji matarsa, "yau kuma wace sanarwa aka liƙa maka?"

"Karanta mana."

"Na karanta. An ce mai wannan baya ba ya jin magana."

Mai gadi ya shaida cewa ya gan shi da rana tsaka cikin rigar sanyi, yana hawa bene yana sauka, wai neman gumi. Shugabar binciken ta shaida cewa wani gam ya kama shi kamun kazar kuku, kuma abin da ya furta wajen ɓamɓarewa bai shiga rahoto ba.

A ƙarshe aka dace da gam mai jure gumi da wanka, mai saki ba da faɗa ba. Aiki ya tsira, aka shiga gwaji da masu ciwon, har da yayan.

"Ƙane," in ji yayan yana shafa tasa filastar, "ashe iskancin naka na da amfani."

Kai ne turmi sha daka. Wasu sun ba da ƙwaƙwalwa an buga sunansu. Kai ka ba da baya, ka mai da rigarka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sauran fata su yi koyi.

Abin da aikin ya ci: gashin damatsa biyu, zanen gado uku, tabo ɗaya a kafaɗa. Ba a shigar da ƙorafi ba.