Anti Kwana-Bakwai

A barandar kotu, tsakanin mai hoto da mai sayar da fayil, nan teburinta yake shekara ashirin da biyu. Takardun rantsuwa take buga wa mutane a tsohuwar tafireta. Duk wanda ya miƙo hannu zai karɓi tasa, sai ta riƙe gefen takardar tukuna ta ce, "Kwana bakwai gare ka daga ranar da sammaci ya shiga gidanka, ba daga ranar da ka ga damar karantawa ba." Har lauyoyi Anti Kwana-Bakwai suke ce mata.

Sau ɗaya ta taɓa shiga ciki da tata ƙarar. Maƙwabcinsu mai sayar da tayoyi ya ja katanga ya toshe musu rariya. Damina biyu ruwa na kwana a ɗakin Inna mahaifiyarsu, tsohuwar da ƙafa ta riga ta ƙi, har sai da aka ɗora gadonta a kan bulo. Alƙali ya ce a fasa katangar. Mai tayoyi ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, can wani gefen gari. Anti ta san abin da zai biyo baya: zai nemi a dakatar da aiwatar da hukuncin. Ta buga martaninta tsaf, ta haɗa da hotunan ɗakin, ta sa a jaka tana jiran sammaci.

Kullum ta dawo sai ta tambayi yayanta, wanda tun da ya yi ritaya a ƙofar gida yake wuni.

"Yaya, ba wanda ya zo daga kotu?"

"Ke da kike auren kotun kike tambayata? Ba kowa."

Da shirun ya yi yawa, ta rufe tafireta da zane ta tafi babbar kotun. Magatakarda ya san ta. Ya daɗe yana juya fayil kafin ya ɗago.

"Anti, ai an dakatar tun Talata. Ba martani a gaban alƙali. Na ce ko kun sasanta ne."

"Ba a kawo mini komai ba."

Ya juyo mata da shaidar karɓar sammaci. Kwana goma sha tara da suka wuce. Sa hannun kuwa ko cikin barci ta san shi, da doguwar jelarsa.

A ƙofar gida ta sami Yaya yana gyaran eriyar rediyo. Bai musa ba. Ya ɗaga matashin kujera ya zaro takardar, an ninke ta huɗu, da tabon kofin shayi a kai.

"Shekara arba'in muna gaisawa da mutumin nan," in ji shi. "Ki sa a rushe masa katanga, da wane ido zan zauna a bencinsa?"

"Ai bencinsa a bushe yake, Yaya."

"Daɗina da ke zafin kai. Na ce bari abin ya huce, in yi masa magana ta fahimta."

"Sau goma sha tara na tambaye ka."

Ya ci gaba da murɗa eriya.

Hanya ɗaya ta rage, Anti kuma ta fi kowa saninta: ta roƙi kotu ta janye dakatarwar, ta ba ta ƙarin lokaci. Amma alƙali ba ya karɓar "ban sani ba." Sai ta rantse a rubuce, ta faɗi wanda ya karɓi sammacin da inda ya ɓoye shi. Da ta gaya masa, sai ga shi tsaye.

"Sunana za ki kai kotu? Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Daga ciki Inna ta ɗaga murya. "Ku da wa kuma? Wani ya zo ya matsar mini da takalma kafin ruwa ya shigo, na ji iska ta canja."

Washegari hadari ya haɗo tun da safe. Ta zura takarda a tafireta. Sakin layi uku na farko yatsunta suka buga da kansu. A na huɗu ta tsaya, har mai hoto ya leƙo.

"Anti, yau inji ya gaji ne?"

"A'a, ni ce."

Ta gyara zama, ta buga cikakken sunan Yaya, har da na mahaifinsu.