Wainar Hajiya a Farantina

Juma'ar da zafin Jidda ya fara sauka, har muka kashe esi muka buɗe taga, ita ce ta tona mini asiri.

Maigida ya dawo daga masallaci riƙe da sabuwar tanda. Ya ce, "Amarya, yalla, taso. Yau da gobe ba aiki. Wainar nan taki tare za mu yi, ki koya mini."

Wata takwas ke nan ina jera masa waina a faranti yana sa mini albarka. Ban taɓa gaya masa cewa daga unguwar Nuzla ake kawo mini ita ba, daga wajen wata Hajiya 'yar Maraɗi. A littattafan da nake karantawa, kowace amarya da iya girkinta take tarewa. Ni kuwa littattafan kawai na taho da su.

Na jiƙa shinkafa, na markaɗa, na zuba yis da ka. Da safiyar Asabar ƙullun ya tsinke kamar kunu. Zubin farko ya kama tanda, na biyu ya ƙone.

Na ajiye cokali na ce, "Habibi, ban iya ba. Saya nake yi."

Bai daina kankare tandar ba. "Na sani, ai ledar Hajiya da lambar wayarta take zuwa. Ni na fi son wannan ƙonanniyar, tunda a gabana aka ƙona ta."

Muka bulbula mata zuma muka cinye a tsaye.

'Yan uwa mata, ni kaɗai ce na taɓa yin irin wannan? Ni dai na riga na kira Hajiya. Talata da safe zan je Nuzla in zauna gaban tandarta, kuma ba zan sake buɗe littafi ba sai na iya.